Yadda Aka Mayar da Goggo Allura Sabuwar Zuwa

Mai Tabarau ne ya aikata, shi da yatsunsa goma, kuma kada wani ya zo yana lanƙwasa murya yana cewa wai na'ura ce ta yi kuskure. Na'ura ba ta tashi da kanta ta ci mutuncin mutum. Shi ne ya ɗauki mace mai shekara talatin da huɗu a bakin aiki, mai jika bakwai, mai furfura har a gira, ya mayar da ita sabuwar zuwa. Da sau ɗaya ya yi ma da an haɗiye. Ina! Kullum safiya, har safiya goma sha tara.

Matar da aka yi wa wannan ɗanyen aiki ita ce Goggo Allura, ta kamfanin ɗinkin yunifom da ke bayan tashar mota. Kwala take ɗorawa a wuyan riga, kuma duk zauren ɗinkin nan babu mai ɗora kwala ta zauna daram kamar tata. Ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya karantawa, amma in ta kalli wuyan mutum sau ɗaya za ta faɗa masa awonsa. In ya musa a ɗauko tef ya sha kunya.

Zauren dogo ne, rufin kwano, kekunan ɗinki arba'in a layi biyu, fanka uku, ɗaya ba ta juyawa sai an zungure ta da sandar tsintsiya. Kowa a kan kujerar ƙarfe yake zama, marar majingina, irin wadda in ka wuni a kanta sai ka tashi a dunƙule kamar ƙullin tsumma. Kujera ɗaya ce tak mai baya da hannuwa, ta katako, a bakin taga inda iska take shigowa. Tun zamanin marigayi mai kamfani doka ce, wanda ya fi kowa daɗewa a aiki shi ke zama a kanta. Shekara goma sha ɗaya ke nan Goggo tana kai. Katakon har ya yi wata 'yar lotsawa daidai inda ƙugunta yake ciwo.

Sai sabon Manaja ya zo da abin da ya kira ci gaba. Aka raba wa kowa kati. Keke ba ya tashi sai ka goga katinka a jikinsa, kuma ba kowane keke ba, sai wanda aka rubuta maka. Aka kafa allo mai haske a bakin ƙofa, kullum safe yana nuna wa kowa mazauninsa, daga wanda ya fi daɗewa har zuwa na ƙarshe. Wanda ya rubuta wa na'urar duk wannan tsari shi ne Mai Tabarau, wani siririn mutum ɗan shekara arba'in da 'yan kai, da aka ba ɗaki a saman bene, ɗaki mai sanyi kamar cikin firij. Ba ya saukowa sai yunwa ta koro shi.

Ranar Litinin ɗin da aka fara, Goggo ta zo ta goga katinta a bakin ƙofa kamar yadda aka nuna mata. Sai allon ya cika da furanni, wata murya mai zaƙi ta ce, "Barka da zuwa, sabuwar ma'aikaciya!" Wani ɗan akwati a gefe ya yi ƙara, ya tofo takarda rawaya ta maƙalawa a ƙirji.

Maigadi ya karanta takardar, ya kama ciki.

"Goggo, ashe yau kika fara? To Allah ya sa ki ji daɗin aikin. In wani ya zalunce ki, ki zo ki faɗa min."

"Kai, rufe min baki. Ina nan aka kawo ka da wando ɗaya."

Ba ta ƙarasa zagin ba sai ga 'Yar Fayil, jami'ar kula da ma'aikata, wadda ba a taɓa ganinta ba tare da fayil rungume a ƙirji ba. Ta ce Goggo ta yi haƙuri ta biyo ta, ɗan kuskure ne na ranar farko, amma katin ba zai tayar da keke ba sai ta kalli bidiyon sababbin ma'aikata har ƙarshe. Ta kai ta wani ɗan ɗaki mai talabijin a bango. Minti arba'in cur wani mutum mai jar hular kwano yana murmushi yana koyar da yadda ake kashe gobara da jar tukunyar feshi.

"Zare fil," in ji shi. "Nufi gindin wutar. Matsa hannu. Yi shara dama da hagu."

Da aka gama aka ɗauke ta hoto, aka ba ta sabon almakashi, sabon tef, hular rufe gashi, da makullin akwatin ajiye kaya. Goggo ta karɓa, don ba a mayar da almakashi. Ta nufi bakin taga, sai ta tarar da mutum a kujerarta.

Doguwa ce, mai saka maɓalli, wadda ta zo kamfanin shekara uku bayan Goggo, ta kuma yi shekara goma sha ɗaya tana satar kallon kujerar nan.

"Wallahi Goggo ba a son raina ba," in ji Doguwa, tana ƙara jingina. "Allo ne ya ce. Ni har kunya nake ji."

"Tashi."

"Ko na tashi keken nan ba zai amsa katinki ba. Gwada ki gani."

Ta gwada. Keken da ta yi shekara goma sha ɗaya tana shafa wa mai ya yi mata shiru kamar bai taɓa ganinta ba. Mazaunin da allo ya ba ta shi ne na arba'in, can ƙurya kusa da ƙofar banɗaki, inda ko fankar da ake zungura ba ta kaiwa.

Ba a nan wulaƙancin ya tsaya ba. Kowane sabon ma'aikaci na'ura tana haɗa shi da wanda zai koya masa aiki. Duk mata talatin da tara da ke zauren, wadda ta zaɓa wa Goggo ita ce surukarta, matar ɗanta na biyu, wadda Goggo da kanta ta kawo kamfanin ta koya mata riƙe almakashi. Baiwar Allah ta zo ta durƙusa, kai a ƙasa, da takarda a hannu.

"Inna, wai an ce... wai in nuna miki yadda ake zura zare."

"To nuna min."

"Inna, ki yi min rai."

"Nuna min mana, malama. Ni ce ɗaliba. Ta ina zaren yake shiga, ta baki ko ta hanci?"

Surukar ta rufe fuska da takardar, kafaɗunta suna girgiza, ba a san kuka ba ne ko dariya.

Goggo ta haƙura da ranar, tunda an ce kuskuren ranar farko ne. Washegari ta goga kati, furanni suka sake cika allo. "Barka da zuwa, sabuwar ma'aikaciya!" Bidiyo, hoto, almakashi, tef, hula, makulli. Laraba haka. Alhamis haka. Ran Laraban ne ma Doguwa ta zo da matashi daga gida, mai ɗinkin furanni, ta ɗaure shi a bayan kujerar da igiya, tana cewa har yanzu kunya take ji.

Kafin mako biyu gidan Goggo ya cika da kayan maraba. Jikokinta bakwai kowa da hular rufe gashi, suna yawo a tsakar gida kamar masu aikin tiyata. Almakasai a jere a kan taga. Makullai sun yi damin da in ta ɗaura a haɓar zani sai ya ja zanin gefe ɗaya. A kamfani akwatunan ajiye kaya suka ƙare, don kusan rabinsu na Goggo ne, har aka fara auna bango don a ƙero wasu. Hotunanta kuwa, 'Yar Fayil tana jera su a fayil, kowane ya fi na jiya murtuke fuska. Na goma sha biyu tafin hannu ne kawai ya fito.

Ɗanta ya ce, "Inna, ki bi a hankali, za su gyara."

"Kai ma ka bi a hankali ka fita min daga ɗaki. Bayana ne yake ciwo ko naka?"

Kuma bayan yana ciwo da gaske. Da yamma sai surukarta ta kama ta kafin ta iya miƙewa daga kujerar ƙarfen nan. Kwalar da take ɗorawa ta fara karkacewa, abin da ba a taɓa gani ba. Ranar da mai duba aiki ta dawo mata da riga huɗu ta ce a warware, Goggo ta karɓe su ta hau warwarewa, kuma hakan ya fi zaginta tsoratar da zauren.

Ta je wurin Manaja. Yana zaune yana jujjuyawa a kan kujera mai taya, mai baya har ƙeya.

"Goggo, na'ura ba ta san son kai ba. Abin da aka ba ta shi take fitarwa. Ki rubuto koke."

"Ka san ban iya rubutu ba."

"'Yar Fayil za ta cika miki."

'Yar Fayil ta buɗe kwamfuta, ta danna, ta sake dannawa, ta yi tsuru.

"Yallaɓai, ta ƙi. Sabon ma'aikaci ba ya shigar da koke sai ya cika wata uku."

"To shi ke nan," in ji Manaja, ya tafa hannu kamar ya warware matsala. "Ki bari ki cika wata uku."

"Yaushe zan cika wata uku, alhali kullum yau na zo?"

Ya ce wannan tambaya ce mai kyau, zai duba. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka da sauri kamar wanda aka ceto daga rijiya.

Safiya ta goma sha tara, Goggo tana zaune a ɗan ɗakin nan, mai jar hular kwano ya buɗe baki, ita ma ta buɗe nata. Tare suka faɗi komai, har da ɗan tarin da yake yi a tsakiya. Da ya zo wurin "zare fil", sai idonta ya sauka a kan jar tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango, daidai ƙarƙashin talabijin. Ta dube ta. Ta dubi mutumin. Mutumin yana murmushi kamar yana ba ta izini.

Ta sauke tukunyar, ta rungume ta, ta fita. Matakala ashirin da biyu ne zuwa saman bene, ta hau su ɗaya bayan ɗaya da bayan nan nata, tana hutawa tana zagi. 'Yar Fayil tana biye da ita tana "Goggo, bidiyon bai ƙare ba", surukarta tana biye da 'Yar Fayil tana "Inna, don Allah".

Mai Tabarau yana zaune cikin rigar sanyi, alluna uku a gabansa, a bayansa wani baƙin akwati mai tsayin mutum yana ƙyafta fitilu. Goggo ta tura ƙofa da ƙafa.

"Kai ne mai koya wa na'ura rashin kunya?"

"Hajiya, ba a shigowa nan sai da..."

Ta zare fil. Ƙarar faɗuwarsa a kan tayil ta cika ɗakin.

"Wanne ne gindin wutar? Wancan baƙin mai ƙyafta ido?"

Mai Tabarau ya miƙe, ya baje hannuwa a gaban akwatin kamar kaza a kan 'ya'yanta.

"Goggo! Goggo, duk kamfanin yana cikin nan! Wa ya koya miki wannan?"

"Ku. Sau goma sha tara. Zauna ka faɗa min abin da na yi maka."

Ya zauna. Ya nemo sunanta, ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Sai ya yi wata 'yar dariya ta marar gaskiya.

"Af. Na gani. Ai abin ma mai sauƙi ne, har da ban sha'awa."

"Ba ni sha'awar in ji."

Ya ce ita manhajar kamfani da wani harshe na musamman ake rubuta ta, kuma harshen yana zuwa da shiryayyun umarni tun daga wurin waɗanda suka ƙera shi. Ba shi ya rubuta su ba, kiran su kawai yake yi su kawo amsa. Akwai wanda in ka kira shi zai faɗa maka kwanan watan yau. Akwai wanda zai ƙirga maka kwanakin da ke tsakanin rana da rana. Akwai wanda zai faɗa maka sunan wanda ya shiga na'ura ya taɓa abu.

"'Yan aike ke nan," in ji Goggo.

"Kamar haka. To lokacin da muke kwashe bayanan ma'aikata daga takardu, kowa akwai ranar da ya fara aiki, ban da ke. Gurbinki babu komai. Na'ura kuma ta ƙi wucewa sai an cike. Na tambayi 'Yar Fayil, ta ce in saka ko mene ne kafin a nemo."

"Ni cewa na yi ka saka wani abu mai ma'ana," in ji 'Yar Fayil daga bakin ƙofa.

"Sai na saka mai faɗin kwanan watan yau. Niyyata ranar kawai ya rubuta ya tafi. Ashe a wurin na bar shi zaune. Kullum safe na'ura ta tambaya yaushe Goggo ta fara aiki, sai ya ce yau. Mai ƙirga kwanaki ya ƙirga daga yau zuwa yau, ya samu babu. Kin ga ai kowannensu daidai ya yi aikinsa."

"Au, daidai ya yi?"

"Ina nufin ta fuskar..."

"Ka aiki wanda kalma ɗaya ya sani a duniya, ka ce ya ba da shaida a kan shekara talatin da huɗu. Ko ɗan akuya aka tambaya ai ya fi shi, shi ya ce me-e-e mutum ya san bai sani ba. Kore shi."

Ta ɗaga bakin tiyon. Mai Tabarau ya goge umarnin da sauri, ya bar gurbin fayau, ya danna.

Daidai lokacin Manaja ya shigo yana haki. Bai kai ga magana ba sai lasifikar zauren ƙasa ta ɗauka, muryar nan mai zaƙi, har saman bene ana ji: "Kamfani yana taya Goggo Allura murnar ritaya, bayan shekara ɗari da ashirin da 'yan kai tana hidima!"

Sai tafi ya ɓarke a ƙasa. Akwai wani tafi da ya fi na kowa ƙarfi, na mai dogayen hannuwa.

"Me ka yi kuma?" in ji Manaja.

Mai Tabarau ya haɗa gumi cikin sanyin nan. Ya ce shi ya sa tun farko bai bar gurbin haka ba. In babu komai kuma aka tilasta mata, na'urar ranar farko da ta sani a duniya take ɗauka, wato farkon shekarar dubu ɗaya da ɗari tara. Yanzu katin Goggo ya mutu gaba ɗaya, ga takardar sallama can tana fitowa.

"Ɗazu jaririya, yanzu gawa," in ji Goggo. "Kai ba ka san tsakiya ba?"

"A ba ni ranar gaskiya in rubuta da lambobi, shi ke nan an huta. Goggo, yaushe kika fara?"

"Ranar da aka kawo kujeru."

"Wace rana ce?"

"Ana ruwa. Ina goye da mijin wannan." Ta nuna surukarta da bakin tiyo, surukar ta kauce. "Mota ta tsaya a bakin ƙofa da kujeru goma sha biyu, marigayi yana neman mai tayawa a sauke kafin su jiƙe. Na zo wucewa, na kama. Ta ƙarshe ta kuɓuce ta faɗo min a babban yatsan ƙafa, hannunta na hagu ya tsage. Marigayi ya ce tunda kujerarsa ta ji min ciwo, in shigo ya koya min keke. Sha ɗaya duk sun karye. Wadda ta fasa min yatsa ce ta rage."

"Ruwan sama ba kwanan wata ba ne," in ji Manaja. "Ina tsohon littafin ma'aikata?"

"Gara ta cinye shafukan farko, yallaɓai," in ji 'Yar Fayil.

Can surukar Goggo, wadda ba ta taɓa magana a gaban Manaja ba, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Akwai ƙarfe a ƙarƙashinta."

"Ƙarƙashin wa?"

"Kujerar. Wani ɗan ƙarfe ne an buga da ƙusa, da lambobi a jiki. Kullum in Inna ta yar da kwarkwaron zare ni nake shiga in ɗauko, ina gani."

Duka suka sauko, Goggo a gaba da jar tukunya, Mai Tabarau a baya rungume da ƙaramar kwamfutarsa. Doguwa ta ga ayarin ya nufo ta, ta kama hannuwan kujera gam.

"Ni ba zan tashi ba. An ce ta yi ritaya, kowa ya ji. Allah ya ba da hutu, Goggo, mun gode da hidima."

"Ba sai kin tashi ba," in ji Goggo. "Kai, shiga."

Haka Mai Tabarau, da rigar sanyinsa da iliminsa, ya kwanta rigingine a kan siminti cikin guntayen zare, ya kunna fitilar waya, ya cusa kai ƙarƙashin kujera, Doguwa tana tattare zani tana cewa a ji tsoron Allah. Ya kankare tsatsa da makulli, ɗaya daga cikin na Goggo. Ya karanto da ƙarfi rana da wata da shekarar da aka kawo ta. Shekara talatin da huɗu da wata biyu.

Manaja ya gyara murya. "To wannan ranar kujera ce. Me ya tabbatar ita ce ranar Goggo?"

Goggo ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kan keken da ke kusa. Farcen babban yatsan a rabe yake biyu, baƙi, a murɗe. Sannan ta kama hannun kujerar na hagu ta girgiza, ya yi ƙara daidai inda aka ɗaure tsagar da waya.

"Ga shaidu biyu. Kana son ta uku?" Ta ɗan ɗaga tiyo.

Ya ce biyun sun wadatar.

Mai Tabarau ya zauna a ƙasa ya rubuta ranar da lambobi, ba ɗan aike ko ɗaya. Allon bakin ƙofa ya ƙyafta, jerin ya juye, hoton tafin hannun Goggo ya haye sama. Keken bakin taga ya mutu a hannun Doguwa. Ta tashi a hankali kamar ana cire mata haƙori, ta kai hannu za ta kwance matashinta.

"Bar shi," in ji Goggo. "Ya saba da wurin."

Ta zauna. Bayanta ya shiga lotsawar nan ya kwanta. Ta goga kati, keke ya amsa. Iska ta shigo ta taga. Manaja ya yi murmushi ya ce to alhamdu lillahi, komai ya wuce, kowa ya koma bakin aiki.

"Bai wuce ba. Kai, kira min na ukun."

"Wane na uku?" in ji Mai Tabarau.

"Mai faɗin sunan wanda ya taɓa abu. Ka ɗauka ban ji ba? A tambaye shi wa ya yi min wannan, a gaban kowa, ya shiga fayil."

Mai Tabarau ya dubi Manaja. Ya danna. Ya karanta, ya ce, "Sunan Manaja ya fito."

"Ni? Ni ban taɓa ko buɗe wurin ba!"

"Da lambar sirrinka muka yi aikin, yallaɓai. Kai ka ce kowa ya yi amfani da ita kafin a buɗe mana namu. Tana nan manne a jikin allonka, a 'yar takarda."

"Amma kai ka rubuta!"

"Ni abin da ke rubuce nake karantawa. Ɗazu ka ce na'ura ba ta san son kai ba."

"Ba ɗazu ba ne, wancan makon ne," in ji 'Yar Fayil, "kuma ni dai mai ma'ana na ce."

Manaja ya fusata, ya ce wannan wasan ya isa, a ba shi tukunyar nan tun ba a ji wa wani ciwo ba, a mayar mata da fil ɗinta. Goggo ta ce bidiyon bai koyar da mayarwa ba. Ya fizge ta daga cinyarta. Da yake shi bai taɓa kallon bidiyon ko sau ɗaya ba, ta hannun matsawa ya kama, bakin tiyo yana kallon haɓarsa.

Da farin ƙurar ta lafa, ido biyu kawai ake gani a fuskarsa. Mata talatin da tara suka sunkuyar da kai a kan kekunansu, kafaɗu suna rawa. Maigadi, da ya leƙo ta taga, sai da aka ba shi ruwa.

To kujera ta dawo, wannan gaskiya ne. Amma safiya goma sha tara ba su dawo ba, da riga huɗu da aka ce wa Goggo Allura ta warware a gaban waɗanda ta koya wa aiki. Har yau Mai Tabarau yana cewa sunan Manaja ne a rubuce, Manaja yana cewa yatsun Mai Tabarau ne, 'Yar Fayil tana rungume da fayil tana cewa mai ma'ana. Goggo ta san wanda ya yi, kowa ma ya sani, amma ta ce ba za ta yi musu zaɓi ba, su daidaita a tsakaninsu. Abin da ta gindaya ba shi da yawa. Ɗayansu ya maƙala rawayar takarda a ƙirji, ya kalli mai jar hular kwano sau goma sha tara ba tsallake, ya wuni a kujera ta arba'in kusa da ƙofar banɗaki, ita kuma za ta zo da kanta ta nuna masa yadda ake zura zare.

Kujerar ƙarfen tana can a ƙurya, Goggo ta sa an goge ta, ta ɗora hula da almakashi a kai, wadda allo ya tura wurin kuwa aka nemo mata wata kujerar. Mako uku ke nan babu wanda ya zauna. Kullum safe in ta goga kati sai ta ɗaga kai ta dubi saman bene ta ce, "Har yanzu?" A daina ɓuya a bayan baƙin akwati. Wanda ya yi ya sauko, ya zauna, ya amsa.